Malam Wada da Sallahun Shatu

Mutanen da suka san Malam Wada Tsoho a unguwar Misfala ta Makka sun kusa ƙarewa. Gidan da ya zauna ma babu shi, domin an rushe wannan gefe na unguwar tun da daɗewa, an gina masaukan alhazai a wurin. Abin da zan rubuta a nan na samo shi daga bakin 'yarsa, Hajiya Rumasa'u, wadda na riƙa ziyarta a gidan ɗanta da ke unguwar Rusaifa, da kuma wasu dattawa biyu da suka yi karatu a gabansa. Inda maganarsu ta saɓa, na bi tata.

An haife shi a wani ƙauye na ƙasar Rano, a gidan marina. Ya baro gida yana saurayi cikin ayarin malaminsa, a ƙasa, kamar yadda talaka yake zuwa Makka a wancan zamani: a yi tafiya har guzuri ya ƙare, a tsaya a yi noma ko ƙodago, sa'an nan a sake ɗaure kaya. Sun bi ta Barno, suka ratsa Wadai da Darfur, suka yi damina da dama a gonakin auduga na Sudan. Malamin nasa bai ga Ka'aba ba. A Sawakin ya rasu, suna jiran jirgin ruwa. Wada ya ƙetare teku shi kaɗai, ya shigo Makka a farkon shekarun 1930, furfura ta fara tsiro masa a gemu.

A Misfala ya sauka, kudu da Harami, inda Takari suke da bukkokinsu na kaba da gwangwani. Takari shi ne sunan da mutanen gari suke kiran duk wanda ya fito daga ƙasashenmu. Ya kama ɗinkin hula, ya auri Saudatu, 'yar wani Basakkwace, haifaffiyar Makka. Da niyyar komawa gida ya zo, kamar kowa. Kamar yawancinsu kuma, bai koma ba.

Abin da ya mai da shi malamin Hausa ƙaramin abu ne. Wata rana aka kira shi gidan wani tsoho Bakatsine da yake kwance yana jinya. Ya ɗauka addu'a ake so. Da ya isa, sai ya tarar tafinta ake nema. Tsohon ya daɗe a Makka, amma ciwo ya kwashe masa ɗan Larabcin da ya iya, ya bar masa harshen da ya sha a nono. Jikokinsa suna zaune kewaye da shi, yana yi musu magana, suna kallon bakinsa. Malam Wada ya zauna tsakanin kaka da jikokinsa yana juya magana, har tsohon ya gaji ya juya fuska bango. Hajiya Rumasa'u ta ce mahaifiyarta ta sha ba ta labarin yadda ya dawo gida ran nan, ya ƙi cin abinci, ya zauna yana warware hular da ya kusa gamawa.

Bai daɗe ba ya kafa rumfa a ƙofar gidansa. Da safe yara suna wurin malamansu na Alƙur'ani, saboda haka ya ɗauki bayan la'asar. Yana koya musu karatu da rubutun Hausa cikin ajami, da gaisuwa yadda take, da tatsuniya, da kacici-kacici. Ba ya karɓar komai. Ba ya duka, amma ba ya barin kuskure ya wuce. Idan yaro ya gaishe shi da gaisuwar safe da yamma, zai sa shi ya fita, ya sake shigowa, ya sake gaisuwa, ko da sau nawa ne, shi kuwa yana ɗinkinsa.

Babbar wahalarsa ita ce yaran ba su taɓa ganin abin da kalmomin suke nufi ba. Ba su san kuka ba, ba su san fadama ba, ba su san yadda ƙasa take ƙamshi idan ruwan farko ya sauka ba. Sai ya fara tsara musu waƙoƙi, kowace waƙa a kan abu guda na gida. Ɗaya daga cikin dattawan nan ya rera mini baiti biyu da suka rage masa:

Rumbu ɗaki ne, ba shi ƙofa,
Ta ka ake shiga, ta ka ake fita.

Ya ce da suka ƙi yarda akwai irin wannan ɗaki, Malam ya nemo laka ya gina musu ƙaramin rumbu a gefen rumfa, ya yi masa hular kaba, ya zuba tsabar gero a ciki. Yara daga wasu unguwanni suka riƙa zuwa kallo.

Bai tsaya kan yara ba. Gida-gida yake bi yana roƙon iyaye su riƙa yi wa 'ya'yansu Hausa, ko a bakin murhu kawai. Ya sa dattawan unguwa suka yarda a riƙa taruwa washegarin kowace Salla, tsofaffi su faɗi sunayen garuruwansu da zangon da suka bi, yara suna saurare. Wasu sun ba shi goyon baya. Wasu sun ce masa Larabci ne harshen Alƙur'ani, kuma shi ne harshen kasuwa da na hukuma, me yaro zai yi da Hausa a Makka? Yakan ce bai yi musu ba, shi ma Larabcin yake yi a kasuwa, kuma ya fi yawancinsu iya shi. Tambayarsa ɗaya ce: ranar da uwarka za ta yi maka magana ta ƙarshe, da wane harshe kake tsammani za ta yi?

Babban amininsa shi ne Dawuda, wani Bazazzagi mai ga-ruwa, wanda yake ratsa unguwar da garwa biyu a sanda. Ba ya wuce rumfar sai ya tsaya.

"Bakano, ko a Makka sai kun buɗe kasuwa. Yau me ake sayarwa?"

"Karin magana. Ga Bazazzagi kyauta ne, don ko ya saya ba zai gane ba."

"Ba ni ɗaya in kai wa jakina."

"Ai kai ne jakin, ga kayan nan a kafaɗarka. Zuba mana a randa, Allah ya yi maka albarka."

Saboda sunan da ya yi na mai riƙe magana daidai, sai aka fara kawo masa sallahu. Sallahu shi ne saƙon da ake ba matafiyi ya kai wa wani. A hanyar ƙasa, inda takarda take jiƙewa, ta ɓace, kuma mafi yawan waɗanda za a kai wa ba su iya karatu ba, baki ne yake ɗaukarsa. Alhazai da yawa suna isowa Makka a galabaice, su kwanta a Misfala, su tabbata ba za su sake ganin gida ba. Sai a kira Malam Wada. Yakan durƙusa kusa da mai jinya, ya ji maganar, ya maimaita masa ita har ya ce haka ne. Bayan aikin Hajji ya nemi wanda zai koma ta wannan gari, ya zaunar da shi, ya biya masa har ta zauna a kansa. Yana da doka guda da ya ce ya gada daga malaminsa: sallahu ba a yi masa gyara. Ba a rage shi don ya yi zafi, ba a ƙara masa don ya yi daɗi. Yadda mai shi ya faɗa, haka ake kai shi.

Da farko yakan rubuta wasu don gudun mantuwa. Shekarar da ruwa ya yi ambaliya a Makka, cikin shekarun yaƙin duniya na biyu, Misfala ce ta sha mafi yawansa, domin can ruwan gari yake gangarawa. Ya tafi da rumfar, da ƙaramin rumbun, da duk waƙoƙin da ya rubuta. Ya sake kafa rumfa, amma tun daga ran nan bai ƙara amincewa da takarda ba. Kullum bayan sallar asuba yakan zauna ya biya sallahun da bai sami mai ɗauka ba tukuna, a hankali, kowanne da irin Hausar mai shi. Hajiya Rumasa'u ta ce tana ƙarama takan farka ta ji muryar Basakkwace, ta ji ta Badamagare, ta ji ta wata tsohuwa Bahaɗejiya, duka daga bakin mahaifinta. Ta daɗe tana zaton mutane ne suke zuwa da sassafe su tafi kafin ta fito.

Sallahu yana zuwa yana tafiya. Guda ɗaya ne ya zauna, shi ne na Shatu.

Shatu mai wanki ce, tana zaune ita kaɗai a ƙarshen layin. An san mijinta ya rasu a hanya, an san kuma ta bar ɗa namiji a wani wuri cikin Darfur. Ba ta taɓa faɗin dalili ba, saboda haka mutane suka ƙago mata nasu. A wancan zamani akan ji labarin matafiyan da yunwa ta kai su ga rabuwa da yaro don su sami guzuri, sai mata suka riƙa cewa a bayan idonta ita ma haka ta yi. Gaskiyar kuwa, wadda ba a sani ba sai bayan shekaru, ita ce agana ta kama yaron a wani zango kusa da Fashir. Ayari ya ƙi jira, mijinta ya ƙi rabuwa da ayari. Ta bar shi a hannun wata mata mai sayar da nono, da nufin ta dawo ta ɗauke shi. Ba ta sami komawa ba.

Ta rasu ana gab da fara yaƙi. Da ta ji jikinta ya ƙi, ta aika aka kira Malam Wada, ta sa matan da suke jinyarta suka fita. Ta ba shi sallahu zuwa ga ɗanta Rabe. Ta kwatanta masa tsagar gidansu da ke kumatun yaron, ta ce in ya rayu zai tarar da zanzanar agana a fuskarsa. Sa'an nan ta ɗaura masa sharaɗin da ba wanda ya taɓa ɗaura masa.

"Malam, wannan kada ka ba kowa ya kai. Daga bakinka sai kunnensa. Yadda na faɗa, da bakin da na faɗa."

"In Allah ya haɗa mu, Shatu."

"Ban ce in ba. Ka ɗauka ko ba ka ɗauka ba?"

Ya ce ya ɗauka.

Tun da ba zai iya aika maganar ba, sai ya riƙa aika kira. Duk wanda zai koma ta Darfur, Malam Wada zai gaya masa: in ka ga mutum mai tsaga kaza da zanzana, sunansa Rabe, ka ce masa yana da sallahu a Makka, a Misfala, wurin Wada mai hula. Yaƙi ya zo, alhazai suka yi ƙaranci. Yaƙi ya wuce, manyan motoci suka fara maye gurbin ayari. Yaran da ya fara koya wa karatu suka yi aure suka haihu, wasunsu suka kawo masa 'ya'yansu, wasu suka riƙa canja hanya don kada ya tambaye su. Idanunsa suka raunana saboda allura. Kowace safiya na Shatu ne na ƙarshe da yake biyawa, kuma shi kaɗai ne yake yi a zuci, leɓɓansa kawai suke motsi. Saudatu takan ce ta fi jin tsoron wannan shirun fiye da sauran muryoyin.

A tsakiyar shekarun 1950, ana saura 'yan kwanaki a fita Arfa, Dawuda ya shigo da hantsi ba garwa a kafaɗarsa. A bayansa akwai wani dogon mutum mai kimanin shekara talatin, cikin farar riga da rawani irin na Sudan. Dawuda ya tarar da shi ne a bakin Harami yana tambayar Wada mai hula. Malam Wada ya matso da fuskarsa kusa da ta baƙon saboda raunin ido, ya ga tsagar, ya ga zanzanar. Ya zauna a kan tabarma.

"Sannu da zuwa, Rabe. Ka sha hanya."

Baƙon ya dubi Dawuda, ya dubi Malam, ya yi murmushin wanda bai gane ba. Ya amsa da Larabcin Sudan cewa sunansa Rabih, direban babbar mota ne, kuma wani alhaji Batakare ne ya tsare shi a tasha shekara biyu da suka wuce, ya dubi fuskarsa, ya gaya masa kiran. Bai san kalma ɗaya ta Hausa ba.

Dawuda ya koma bakin aikinsa. Rumasa'u, wadda ta zo wuni gida daga ɗakin mijinta, ta miƙo shayi ta bayan asabari, ta zauna a tsakar gida. Tsakaninta da su dangar kaba ce kawai. Ta ji mahaifinta ya ce wa baƙon ya matso, sa'an nan muryarsa ta yi ƙasa. Ba ta ji kalmomin ba, amma ta ji sautin ya koma na mace mai gajeren numfashi, tana tsayawa tana ci gaba. Sallahun Shatu ne ya biya masa da Hausa. Sauran maganar da Larabci suka yi, kuma ta ji ta sarai.

"Me ta ce, ya Shaikh?"

"Abin da ka ji."

"Ban ji komai ba."

"Za ka ji. Ba shi da tsawo. Ka zo gobe da hantsi, mu fara. Na koya wa waɗanda ba su kai ka hankali ba."

"Fassara mini kawai. Larabcinka ya fi nawa kyau."

"Ta ce yadda ta faɗa, da bakin da ta faɗa. Na yi mata alkawari tana kan gargara. Ba ni da ikon juya shi."

 Da Rabe ya sake magana, muryarsa ta canja.

"To bar sauran. Abu ɗaya ya kawo ni. Mutanen da suka rene ni sun ce musanya ni ta yi da guzuri. Da shi yara suke zagina tun ina ƙarami. Ta sayar da ni, ko ba ta sayar ba?"

Hajiya Rumasa'u ta ce ta ji mahaifinta ya ja numfashi kamar zai amsa, sa'an nan ya tsaya. Amsar ita ce farkon sallahun. In ya faɗe ta da Larabci, ya fara fassara ke nan.

"Amsarka tana ciki, ɗana. Ita za mu fara koya. Kalmomin ba su da wuya, kafin azahar ɗin gobe ka ji su da kunnenka daga bakinta."

"Da a'a ce, da ka ce a'a."

"Ba haka ba ne. Ka yi haƙuri zuwa gobe."

Rabe ya miƙe. Ya tambayi inda kabarinta yake. Malam ya ce a maƙabartar Mu'alla aka sa ta, amma kaburburan Makka ba su da alama, ko shi da ya raka gawar ba zai iya nuna wurin ba. Rabe ya ce haka ma ya yi daidai. Ya yi sallama cikin ladabi ya fita, bai taɓa shayin ba.

Rumasa'u ba ta taɓa mayar wa mahaifinta magana ba sai ran nan.

"Baba, lokacin da ta ce da bakin da ta faɗa, yaron da ta sani yana jin Hausa. Ba ta san wannan ba."

"Ba a yi wa matacce fassarar nufinsa, Rumasa'u. Abin da ta ce shi na ji."

"To in bai dawo ba fa?"

"Mutumin da ya ƙetare teku don magana ba zai tafi ya bar ta ba."

Washegari ya shimfiɗa sabuwar tabarma a rumfa tun da sassafe, ya zauna. Hantsi ya yi, azahar ta yi, yara suka zo bayan la'asar suka tarar da shi a wurin. Dawuda ya zo zuba ruwa, Saudatu ta tare shi a ƙofa ta gaya masa abin da ya faru. Ya ajiye garwa, ya zauna kusa da amininsa, karo na farko ba tare da tsokana ba.

"Wada, in tambaye ka. Amanar Shatu kake riƙo, ko ta Hausa?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Irin ta Bazazzagi. Shekara nawa kana neman wanda zai zo da ƙafarsa ya ce a koya masa. Ga babban mutum ya faɗo hannunka, dole ya koya ko ya rasa uwarsa. Ka ce mini ba ka ji daɗi ba, ko kaɗan."

Malam Wada ya miƙe. Ya sallami yara tun kafin lokaci, ya ɗauki sandarsa. Shi da Dawuda suka shiga bin gidajen masu saukar alhazan Sudan, suna tambayar direba mai zanzana. Ba wanda ya tambayi Rabe masaukinsa, kuma alhazan Sudan a shekarar suna da yawa ƙwarai. Kafin su gama zagayawa, gari ya fara kwashewa zuwa Mina.

Rumasa'u tana cikin matan da aka ɗauka dafa abinci a Arfa a shekarar. Ranar tsayuwa, bayan an haɗa azahar da la'asar, ta ɗaga kai daga bakin tukunya ta ga mahaifinta tsaye cikin harami, kansa a buɗe, rana tana dukansa. Ya ce ta kama hannunsa ta kai shi wajen tantunan mutanen Sudan. Ta bar wa wata ludayin, ta bi shi.

Da suka shiga tsakanin tantunan, ya tsaya, ya ɗaga murya da Larabci, irin ɗagawar da ba ta taɓa jin ya yi ba:

"Ya Rabih ɗan Shatu, ba ta sayar da kai ba. Agana ce ta kama ka, ayari ya ƙi jira. Ba ta sayar da kai ba."

Ya matsa gaba, ya sake faɗa. Haka suka bi layi bayan layi. Arfa a wannan lokaci ba wurin jin magana ba ne. Kowa hannunsa a sama, wani yana kuka, wani yana bin addu'ar da ake karanta masa, muryar tsoho ɗaya ba ta wuce tanti biyu. Wasu suka ɗauka ƙaramin yaro ne ya ɓace masa, suka tambayi kamanninsa. Wasu suka ɗauka rana ce ta taɓa shi, suka zuba masa ruwa a ka. Wasu matasan Misfala masu aikin kwasar shara, tsofaffin ɗalibansa, suka tsaya da tsintsiya a hannu suna kallon malaminsu. A ran nan mutanen unguwa suka san abin da ya raba Shatu da ɗanta.

Na tambayi Hajiya Rumasa'u ko sun gan shi. Ta ce a Arfa kowane namiji ƙyalle biyu fari ne da kai a buɗe. Sau ɗaya ta hangi wani dogo tsaye a jikin wata babbar mota, ya juyo yana kallonsu, kamar yana saurare. Ta ja hannun mahaifinta zuwa wurin, jama'a suka ratsa tsakani, da suka isa ba kowa a jikin motar. Ta ce in an ba ta Alƙur'ani ba za ta rantse shi ne ba, ba kuma za ta rantse ba shi ba ne. Da rana ta faɗi, motoci suka tashi gaba ɗaya zuwa Muzdalifa, muryar Malam kuwa ta riga ta dushe, bakinsa kawai yake motsi.

Bayan Salla Dawuda ya je har Jidda ya tsaya a bakin tashar jiragen ruwa yana duba fuskoki. Ya dawo ba labari.

Malam Wada ya ci gaba da karantarwa, amma bai sake karɓar sallahu ba. In an zo kiransa, yakan tura wani daga cikin manyan ɗalibansa. Ya gaya wa Saudatu cewa ya yi asara biyu a kasuwa ɗaya: ya karya wa matar nan alkawari, bai kuma sauke mata kayanta ba. Ta ce masa mai yiwuwa mutumin ya ji. Ya ce mai yiwuwa ba ya sauke amana. Ya koma aika kira ta bakin masu komawa Sudan, sai dai a wannan karo ya haɗa musu da amsar, ya ce su faɗe ta ga duk direba mai zanzana da suka gani, da kowane harshe ya samu. Ba wanda ya dawo ya ce ya isar.

Shekara uku ya ƙara a duniya. Ɗalibai suka ragu, domin makarantun hukuma sun yawaita, kuma an fara rushe-rushe a kewayen Harami, mutanen Misfala suna watsewa zuwa wasu unguwanni. Waƙoƙinsa ba a tattara su ba, sai abin da ya maƙale a kan wannan da wancan. Amma har yau akwai gidaje a Makka da jikoki suke gaida kakanninsu da Hausa mai kyau, kuma in ka bi sawu, sau da yawa za ka tarar kakan ya taɓa zama a rumfar nan.

Da ciwon ajali ya kama shi, ya sa kowa ya fita sai Rumasa'u. Ya biya mata sallahun Shatu tun daga farko har ƙarshe, ta maimaita har ya ce haka ne. Ya ce mata wannan ma karya alkawari ne, amma ya fi ya shiga kabari da shi, ya kuma roƙi Allah ya sa Shatu ta yafe. Ya ce in Rabe ya zo, ta faɗa masa da Hausa tukuna, yadda uwarsa ta faɗa, sa'an nan nan take ta juya masa da duk harshen da yake ji, kada ta bari ya miƙe daga tabarma. An binne shi a Mu'alla.

Na taɓa roƙon Hajiya Rumasa'u ta faɗa mini sauran maganar, don in rubuta ta kada ta salwanta. Ta dube ni da kyau, ta ce, "Malam, fuskarka ba zanzana." Ban sake tambaya ba. A lokacin ta haura saba'in, Rabe kuwa in yana raye ya girme ta. Duk da haka, da watan Zulƙida ya kama, alhazai suka fara shigowa gari, takan sa jikokinta su fitar mata da kujera ƙofar gida bayan la'asar. In wani tsoho mai farin rawani ya doso layin, takan daina magana har sai ya matso ta ga fuskarsa.